Wanda Ya Ɓace Ya Tsaya

Tun kafin su shiga ƙofar ganuwa Baba ya fara ƙure wa Auta haƙuri. Ya tsayar da ita a tsakiyar hanya, masu wucewa na ratse su dama da hagu, ya ɗaga yatsa ɗaya kamar yadda ya saba tun suna 'yan yara.

"Faɗa min dokar."

"Haba Baba. Na haura arba'in fa. Babbar 'yata ta kusa gama sakandare."

"Ban tambaye ki shekarunki ba. Dokar nake son ji."

Auta ta waiga ko akwai mai saurarensu. Akwai kuwa: wata mata mai sayar da tabarau ta bar cinikinta ta zuba musu ido. Auta ta rage murya ta ce, "Wanda ya ɓace ya tsaya inda yake. Kada ya zauna, kada ya nemi kowa. Baba zai zo."

"Yauwa. Mu shiga."

Dokar nan ta girmi Auta. Baba direba ne, a kan sitiyarin babbar mota ya ƙarar da ƙuruciyarsa da rabin tsufansa, har abokan aiki suka laƙaba masa Sarkin Hanya, shi kuwa ya karɓi sunan hannu bibbiyu. In ya dawo daga tafiya yakan kwashi 'ya'yansa zuwa kasuwa ko tasha ko filin ƙwallo, kuma a bakin kowace ƙofa sai an biya masa dokar. Hujjarsa ita ce in mutum biyu suna neman juna kowa na yawo, saɓani za su yi ta yi har rana ta faɗi, amma in ɗaya ya kafe, dole ɗayan ya iso kansa. Zama kuma ya hana shi ne don na zaune ba a hango shi cikin taro. Bai taɓa kasa zuwa ba. Ya samo Yaya, babban wansu, a filin ƙwallo. Ya samo marigayiya Mama a harabar asibiti, tana tsaye da kwanon abinci a hannu tana cika tana batsewa. Auta kuwa ba a magana, don ita ce sarauniyar tsayawa kallo. Takan ƙame a wuri ɗaya, hawaye shaɓe-shaɓe, har ta hango hularsa sama da kawunan mutane, yana tafe ba gaggawa. Ya ja mata kunne, sannan ya saya mata alewa.

Amma ba don yawon buɗe ido kaɗai Auta ta ɗauki hutu daga kantin maganin da take aiki ba. Rigima ce ta kawo su. A watan da ya wuce Baba ya fita da ƙaramar motarsa zai sayo gas, tafiyar da ba ta kai a kira ta tafiya ba, bai dawo ba sai yamma liƙis, kuma babu gas ɗin. Ya ce hanya aka rufe. Washegari Yaya ya bi hanyar ya tarar babu abin da aka rufe, shi ke nan ya kafe a kan a karɓe makullin motar, kuma Baba ya tattara ya koma gidan Yaya da zama. Auta ta ce sai dai bayan ranta. Mutumin da ya san kowace kwana da kowace gada a ƙasar nan, a ce don ya makara rana ɗaya za a ajiye shi a kujerar tsakar gida yana kallon kaji? Ta ce ita za ta zauna kusa da shi ya tuƙa su har wannan tsohon birni da ya cika musu kunne da labarinsa, ya zagaya da ita, ya dawo da ita gida lafiya, sannan Yaya ya kama bakinsa. Yaya ya ce to, ya ji, amma in aka sami matsala makulli ya zama nasa. Ba a faɗa wa Baba wannan yarjejeniya ba. Shi dai abin da ya sani, autarsa ta yi hankali ta nemi ya nuna mata duniya.

Motar na can wajen ganuwa, don mota ba ta shiga tsohuwar unguwar. Suna ratsa ƙofar wani mai yi wa baƙi jagora ya tare su, jar lema a hannunsa, murmushi fal fuskarsa. Ya ce lungunan nan suna rikita har 'yan gari, gara su biyo ayarinsa. Auta har ta buɗe baki za ta ce to, Baba ya riga ta.

"Samari, lokacin da nake sauke kaya a bayan ganuwar nan ba a haife ka ba."

Ya wuce, hannaye a baya, ya bar Auta da ba da haƙuri.

Unguwar kuwa ta isa a tsaya a kalle ta. Duwatsun da aka shimfiɗa a ƙasa sun sha takawa har sun yi sulɓi, tsakiyarsu ta lotsa. Benaye sun jingina da juna ta sama har sararin samaniya ya koma siririn tsiri, igiyoyin shanya sun ratsa daga taga zuwa taga, wandon wani na ɗigar da ruwa a kan masu wucewa. Ƙofofin katako ne masu kauri, an jera musu manyan ƙusoshi, wasu gajeru har sai mutum ya sunkuya. Auta tana son ta tsaya ta shafa su, ta ɗauki hoto ta tura wa 'ya'yanta. Ina ta ga fili? Baba na gaba yana zabga sauri kamar wanda zai kai kaya kafin a rufe sito, kuma duk abin da idonsa ya faɗa a kai, da idon direba yake auna shi.

"Dubi kwanar nan don Allah. Ko a-kori-kura ba za ta karya a nan ba. Wanda ya tsara garin nan bai taɓa juya mota ba."

"Baba, ai lokacin da aka gina shi babu mota."

"To ba ga shi ba. Shi ya sa."

Ta nuna masa hasumiyar da ke leƙowa ta saman rufin gidaje, ta ce ance ana hawa a hango birnin gaba ɗaya. Ya ce shi ya ga birnin gaba ɗaya tun tana goyo. Ta ce to ya tsaya jikin wannan bangon ta ɗauke shi hoto. Ya ce shi ba amarya ba ne. Ta ce ko ruwa su saya. Ya ce ta bari su isa rijiyar. Domin Baba da inda ya nufa: wani ɗan fili a tsakiyar unguwar, mai rijiyar dutse da itacen ɓaure, inda a da shi da abokansa suke wanke fuska su sha shayi kafin a gama yi musu lodi. Ya ce nan kusa ne, a sha kwana hagu, a sake shan hagu, sai ga shi.

Suka sha hagu har Auta ta daina ƙirgawa. Sabon takalmin da ta sa don hoto ya fara cin dugaduganta. Wayar Baba na cikin jakarta, don ya ce tana ja masa aljihu, ga gorar ruwan da ta ƙare, ga maganinsa, ga tabaransa da ya ce ba ya buƙata. Suka wuce wata koriyar ƙofa mai mariƙin ƙarfe, wata baƙar mage kwance a dokin ƙofar. Suka ratsa layin masu jimar fata, wari ya kusa kayar da ita. Suka bi ta ƙarƙashin wani soro mai duhu, suka fito, sai ga koriyar ƙofa mai mariƙin ƙarfe.

"Baba, mun wuce nan."

"Duk ƙofofinsu iri ɗaya ne."

"Magen ma iri ɗaya ce?"

Bai tanka ba. Ta ciro wayarta ta buɗe taswira, ɗigon da ke nuna inda suke ya yi tsalle ya faɗa cikin wani gida, ya sake tsalle ya fita bayan ganuwa. Baba ya leƙo ya yi tsaki, ya ce ga irinta nan, abin da yaran zamani suke bi ke nan suna faɗawa rami. Ta ce to a tambayi wani mana, ga mai shago nan zaune. Ya dube ta kamar ta zage shi. A duk shekarunsa na tuƙi, in ji shi, bai taɓa sauke gilashi ya tambayi hanya ba, ba kuwa yau zai fara ba a gaban 'yar cikinsa. Takaici ya cika Auta har wuya. Ta yi niyyar in sun koma gida ba za ta ƙara raka shi ko bakin titi ba, amma fa sai bayan ta tsaya gaban Yaya ta ce masa lafiya lau aka je aka dawo.

Suna cikin wani lungu da bai fi mutum biyu su jera ba, sai ga jar lemar nan ta ɓullo, ayarin baƙi na biye da ita, kowa da hular rana da waya a sama. Suka cika lungun dam. Auta ta raɓe jikin wata ƙofa don kada a taka mata ƙafar da ke ciwo. Wani ya tsaya ɗaukar hoton taga, na bayansa suka tsaya ɗaukar hoton abin da yake ɗauka. Da ƙyar suka gama wucewa. Ta ɗago kai, babu Baba.

Gabanta lungun ya rabu uku, kowanne ya karkace ya shige tsakanin gidaje. Ta kira shi, muryarta ta bugi bango ta dawo. Ta danna lambarsa, jakarta ta hau ruri. Ta tsaya tana kallon jakar, sai da wayar ta gaji ta yi shiru.

Ba ta yi shawara da kanta ba. Ƙafafunta ne suka yi abin da aka koya musu: ta matsa inda za a iya hango ta daga dukkan lungunan uku, ta kafe. Har wani sauƙi ta ji a ranta. Yanzu zai waiga ya ga ba ta, ya yi tsaki, ya juyo. Ga hujja ma ta samu a kan Yaya, don mutumin da kansa ya taɓu ba ya samo wanda ya ɓace.

Sai dai wurin da ta kafe ɗin bakin shagon wani maƙerin tagulla ne. Mutumin na zaune a ƙasa, babban faranti a tsakanin ƙafafunsa, yana buga masa zane da 'yar guduma, ƙwan-ƙwan-ƙwan, ba hutu, kowane bugu sai ta ji shi a haƙoranta. Da ya ga ta daɗe ya turo mata kujera da ƙafarsa.

"Zauna mana, baiwar Allah."

"Na gode. Jira nake, yanzu za a zo."

"Ai ana jira a zaune."

"A gidanmu a tsaye ake yi."

Ya dube ta, ya dubi takalminta, ya koma bugunsa.

Ba a jima ba sai ga mai baro, wani ƙaƙƙarfan mutum mai furfura a gemu, ya turo buhunan gari yana faɗin a ba shi hanya. Auta ta karkata kafaɗa, ta janye jaka, amma ƙafarta ba ta bar wurin ba. Ya ce ta ɗan koma can gefe. Ta ce nan ɗin dai take, ya lallaɓa ya wuce. Ya wuce da ƙyar, buhu ya shafa mata fari a zane, yana ƙunƙuni ita ma tana ƙunƙuni.

Ta fara shirya faɗan da za ta yi wa Baba. Za ta fara da jagoran da ya kora, ta bi da mai shagon da ya ƙi tambaya, ta rufe da dugaduganta. Ta tsara shi tsaf, ta sake tsarawa, ta ƙara masa gishiri. Tsirin ranar da ke kan bangon hagu ya sauko ƙasa, ya hau ƙafarta, ya wuce ya fara hawa bangon dama. Duk hular da ta ɓullo daga kwana sai gabanta ya faɗi, sai ta ga ba ita ba ce. Mai baro ya dawo da tulunan gas, suka sake kwasar 'yar rigimarsu.

Wayarta ta yi ƙara. Yaya ne.

"Auta, yaya hanya? Kun isa?"

"Tun ɗazu. Lafiya lau."

"Ya tuƙin nasa?"

"Kamar kullum. Ko rami ɗaya bai faɗa ba."

"To madalla. Ba ni shi mu gaisa."

Maƙerin ya zaɓi wannan lokacin ya ƙara ƙarfin gudumarsa, Allah ya saka masa da alheri. Auta ta ce, "Ka ji hayaniyar wurin ai. Yana can ciki yana ciniki. Za mu kira ka." Ta kashe kafin ya ce wani abu.

Ƙaryar ce ta tsaya mata a rai. Tana tsaye da wayar a hannu, abubuwan da ta ture tun safe suka fara dawowa ɗaya bayan ɗaya, ba ta gayyace su ba. A babban shataletalen shigowa gari Baba ya zagaya, ya sake zagayawa, ya ce allon yake son karantawa, shi da ba ya karanta allo. A gidan mai ya fito daga banɗaki ya nufi motar wasu, sai da ta danna masa ham, ya dawo yana dariya yana cewa duk motocin yanzu kamarsu ɗaya. Ita ma ta taya shi dariyar. Sai kuma koriyar ƙofar nan da magenta. Ta gane cewa a lokacin da ya ƙi tanka mata, ba fushi ne a fuskarsa ba, amma ta zaɓi ta kira shi fushi don shi ne ya fi mata sauƙi. Tsoro ya kama ta sosai, irin wanda rabonta da shi tun ranar da likita ya kira su gefe a kan Mama.

Duk da haka ba ta motsa ba. In ta bar nan ya zo bai same ta ba fa? Saɓanin da ya yi ta gargaɗinsu a kai ke nan. Kuma in ta tafi nemansa, ta yarda ke nan da maganar Yaya, ko ba ta faɗa da baki ba. Ta gyara tsayuwa, ta ɗora nauyinta a ƙafar da ba ta fi ciwo ba.

Mai baro ya sake ɓullowa, wannan karon baron wayam. Ya ajiye shi a gabanta, ya share gumi da hularsa, ya ƙare mata kallo daga sama har ƙasa.

"Ni dai yau na ga ta kaina. Wai danginku ɗaya ne da tsohon can?"

"Wane tsoho?"

"Wani dogo, mai farar riga. Ya kafe a bakin shagon mai aski, daidai inda nake karya kwana. Na yi magiya, mai aski ya fito masa da kujera, ya ƙi zama. Rana ta dake shi har ta gaji. Ke a nan, shi a can, kun raba min hanya biyu."

"Ba babana ba ne," in ji Auta, da sauri har ta ba kanta mamaki. "Babana ba ya tsayawa. Shi ke nema."

"To, Allah ya sa. Wannan dai cewa ya yi 'yarsa za ta zo."

Gudumar maƙerin ta ci gaba da bugu. Auta ta ji maganar ta shige ta. Shekara da shekaru ana biya dokar nan a bakin kowace ƙofa, ita da Yaya da Mama, babu wanda ya taɓa tambayar abin da za a yi in Baba ne ya ɓace. Ta dubi dutsen da take tsaye a kai, ta ɗaga ƙafa ta sauka daga kansa.

"Ina ne shagon mai askin?"

Mai baro ya nuna lungun tsakiya da haɓa. "Ki bi nan, kwana ɗaya ce. Da kin yi tari mai ƙarfi ma zai ji ki."

Kwana ɗaya ce kuwa. Wannan ya fi komai ƙona mata rai: duk tsawon wannan lokaci bango ɗaya ne tsakaninsu, gidan wasu mutane da shanyarsu. Ta sha kwanar, sai ga shi. Yana tsaye a tsakiyar wata 'yar mararraba, inda za a hango shi ta kowane ɓangare, hannaye a baya, ƙirji a gaba. Kujerar mai aski na gefensa babu kowa a kai. Bayan rigarsa ya jiƙe sharkaf. Yana duban fuskar duk macen da ta wuce, ɗaya bayan ɗaya.

Da idonsa ya faɗa kanta sai kafaɗunsa suka sauka. Ya yi maza ya ɗaure fuska.

"Kin daɗe."

Duk faɗan da ta tsara ya tashi a banza, wani sabo ya zo a madadinsa. "Na daɗe? Ni ce ma na daɗe? Baba, ina can bayan bangon nan a tsaye tun rana na tsaka. Ƙafata ta kumbura, kaina na sarawa, na yi faɗa da mai baro, na yi wa Yaya ƙarya. Ina jiranka. Kai ka ce wanda ya ɓace ya tsaya."

"To ai shi na yi."

Ya faɗe shi a hankali, ba ya kallonta. Mai aski, da ya leƙo da almakashi a hannu zai sa baki, ya koma ciki.

"Na waiga ban gan ki ba," in ji Baba. "Na ce bari in koma. Sai na rasa ta inda na fito. Na duba nan, na duba can, babu wanda na sani a cikinsu. Har ƙofar da muka shigo na nema a kaina, ban same ta ba. Ranar gas ɗin nan ma haka aka yi. Ranar ban tsaya ba, na yi ta zagaye har mai ya kusa ƙarewa. Yau na ce bari in bi doka."

Auta ta buɗe jaka tana neman abin da ita ma ba ta sani ba, don kada ya ga idonta. Hannunta ya faɗa kan gorar da ba komai a ciki. Mai aski ya miƙo kofin ruwa ta ƙofa. Baba ya shanye, sannan ya dubi kujerar nan da ya ƙi tun ɗazu, ya zauna a kanta da nishi. Ta durƙusa ta cire takalmanta duka biyu ta riƙe a hannu.

Da ya huta ta tambayi mai aski hanyar ƙofar ganuwa, a gaban Baba, da babbar murya. Baba ya kau da kai yana nazarin wani bango, amma bai hana ta ba. Ta tambaya har da filin rijiya mai itacen ɓaure. Mai aski ya ce yana nan, ba nisa, sai dai an rufe rijiyar da ƙarfe, ɓauren kuma ya daɗe da faɗuwa. Ta dubi Baba.

"Bar shi," ya ce. "Mu tafi gida." Ya miƙe, ya tsaya yana jira. Ita ma ta tsaya tana jira, don ba ta taɓa tafiya da shi ba face tana kallon bayansa. Ya yi mata nuni da hannu. "Shiga gaba mana. Sai kin sa mun kwana a nan?"

Ta shiga gaba, ƙafa ba takalmi a kan duwatsun da suka fara hucewa. Suka wuce maƙerin, ya ɗaga gudumarsa ya gaishe su. Suka wuce koriyar ƙofa, magen ta tashi ta bar wurin. A cikin soron nan mai duhu ta ji an ɗan ja jakarta ta baya. Ta zaci ɓarawo ne, har ta juya a fusace, sai ta ga yatsun Baba ne a maƙale da igiyar jakar. Ta mayar da kanta gaba, ta rage sauri. Bai fasa mita ba: ta cika tsayawa, ta cika sauri, wannan kwanar an yi ta ba bisa ƙa'ida ba.

Suna fita ƙofar ganuwa wayarta ta sake ƙara. Ta duba, ta mayar cikin jaka.

"Yayanki ne?"

"Zan kira shi in mun isa."

"In kin kira shi kada ki ƙara yi masa ƙarya a kaina."

Motar na nan inda suka bar ta, ta ɗauki zafi. Auta ta nufi ƙofar fasinja da ta saba, ta tarar Baba ya riga ta tsayawa a wurin. Ya laluba aljihu ya ciro makullin, da tsohuwar igiyar fatar da ke jikinsa tun zamanin babbar mota, ya ɗora a kan rufin motar, ya turo shi ɓangarenta da yatsa ɗaya. Ta so ta ce masa gajiya ce kawai, gobe zai ware. Ta duba fuskarsa ta ga ba ya son a faɗa masa haka. Ta ɗauki makullin ta zagaya.

Ta zauna a kujerarsa, ƙafarta ba ta kai ga feda ba, sai da ta jawo kujerar gaba. Ya bi hannunta da kallo har ta gama, kamar ana taɓa masa ciwo.

"Baba," ta ce, hannunta a kan makulli, "dokar fa? Yanzu yaya za a riƙa faɗinta?"

"Yadda take. Wanda ya ɓace ya tsaya."

"Wa zai zo?"

Ya jawo bel ya ɗaura, abin da sai an yi da gaske yake yi. Ya daɗe yana kallon ganuwar ta gilashi.

"Ai kin zo," ya ce. "Gyara madubin nan kafin ki tayar, ba tsawonmu ɗaya ba."